Baƙin Haure Da Aikin Matasa A Amurka: Wa Ke Shan Bugu, Wa Ke Karɓar Kuɗi?

  

Abin da muka taru a kansa yau wata muhawara ce da ta daɗe tana cin wuta a ƙasar Amurka, wadda duk mai sauraron rediyo daga cikinmu ya sha jin ɓurɓushinta, musamman idan zaɓe ya ƙarato a can. Muhawarar ita ce: shin baƙin haure, wato mutanen da suka shiga ƙasar ba da izini ba, ko suka shiga da izini amma wa'adinsu ya ƙare ba su fita ba, su ne suka raba 'ya'yan ƙasar da ƙananan ayyukan da suka saba yi, suka kuma karya darajar ladan lebura?

Wani zai ce, ina ruwanmu da faɗan Amurkawa? Amsarmu ita ce, ruwanmu biyu ne. Na farko, mu mutane ne matafiya, da wuya a sami nahiyar da babu namu a cikinta suna ci-rani, wasu da takarda wasu babu, kuma da irin wannan magana ake yanke musu hukunci. Na biyu, mu ma masu masauki ne, kuma in Allah Ya so kafin mu tashi za mu tuna wa juna cewa an taɓa zartar da wannan hukunci a kanmu, an kuma taɓa zartar da shi da sunanmu. Dalilin zaɓen Amurka kuwa shi ne, can aka fi ƙidaya abin, can aka fi rubuta shi, saboda haka can ne za a iya ɗora magana a kan sikeli a ga nauyinta.

Abin da ya sami aikin matasa

Al'adar Amurkawa ce tun da daɗewa, yaro ko yarinya idan sun kai shekara 16 su nemi ɗan aikin da za su riƙa yi bayan an tashi daga makaranta, ko a dogon hutun da ake ba su daga Yuni zuwa Agusta. Wannan yana wanke kwanuka a gidan abinci, wancan yana jera kaya a kanti, wani yana yanke ciyawar ƙofar gidajen mutane, wani kuma yana rarraba jarida da sassafe. A nan yaro yake koyon sammako da cika alkawari da jure faɗan maigida. Ga ɗan mai hali abin sha'awa ne kawai, amma a gidan talaka da wannan ɗan kuɗi ake cika haya.

Ƙididdigar hukumar ƙwadago ta ƙasar ta nuna cewa a 1979, cikin kowane matashi 100 masu shekara 16 zuwa 19, kusan 58 suna aiki ko suna nemansa. A 2000 sun koma wajen 52, a 2007 suka koma 41, zuwa 2011 sun gangaro 34. A ɗaya gefen kuma, cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa baƙin haure a Amurka sun tashi daga miliyan 3.5 a 1990 zuwa miliyan 12.2 a 2007. To, ga abu biyu sun faru a zamani ɗaya: baƙo yana ƙaruwa, ɗan gida yana raguwa a wurin aiki. Mai gaggawar hukunci da ya ga haka sai ya ce shari'a ta ƙare, an kama ɓarawo da kaya a hannu. Mu kuwa abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu zaunar da ɓangarorin biyu, mu ji hujjar kowa cikakkiya, ko da ba ta yi mana daɗi ba.

Hujjar masu ƙara

Masu cewa baƙin haure sun cutar da ɗan ƙasa ba duka ne masu ƙin baƙo ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Cikinsu akwai talakawan da suka ga abin da idonsu, akwai kuma masana masu hujja.

Hujjarsu ta farko ta kasuwa ce, wadda kowace mai sayar da ƙosai ta sani: idan kaya suka yi yawa farashi ya faɗi. Ƙarfin lebura ma haja ce. Ka ɗauki mai gidan abinci, ga yaro ɗan makaranta wanda ba ya samuwa sai da yamma, doka ta taƙaita awoyin da zai yi idan bai kai 16 ba, ranar jarrabawa ba zai zo ba, hutu na ƙarewa zai ajiye aikin. Ga kuma magidanci ɗan shekara talatin, yana nan safe da dare, rani da damina, ba ya musu, yana da iyali a Mekziko ko Gwatamala da ke jiran aike. Wa zai ɗauka? Ba sai an yi duba ba.

A 2012 wani masanin tattalin arziki na Babban Bankin Amurka, Christopher Smith, ya wallafa bincike a kan wannan. Ya gano cewa a wuraren da baƙi marasa zurfin ilimi suka fi ƙaruwa, aikin yara 'yan sakandare ya fi raguwa, kuma illar ta fi tsanani a kansu fiye da a kan manya. Ya ba da dalili biyu: ayyukan da yaran suka saba yi su ne dai baƙon yake nema, sa'an nan yaro ya fi babba saurin haƙura da aiki idan ladan ya ragu, tun da ba shi ke ciyar da gida ba.

Suna kuma kafa hujja da abin da ya faru a garin Stillmore na jihar Jojiya a watan Satumba na 2006. Jami'an shige da fice sun kai samame garin, sai wani kamfanin gyaran kaji ya wayi gari ya rasa wajen kashi uku cikin huɗu na ma'aikatansa, da waɗanda aka kama da waɗanda suka gudu. Nan da nan kamfanin ya ƙara ladan awa da fiye da dala ɗaya, ya shiga cigiyar ma'aikata, kuma baƙaƙen fata 'yan yankin, waɗanda da yawansu suke zaune babu aiki, suka sami shiga. Masu ƙara suka ce, ashe dai kuɗin suna nan, ashe kuma masu son aikin suna nan. Wannan magana ce mai nauyi, mu riƙe ta, za mu dawo gare ta.

Hujjar masu kariya

Ɗaya ɓangaren suka ce, ai baƙo ba hannu kaɗai ya zo da shi ba, har da baki. Yana cin abinci, yana kama haya, yana sayen takalmi, yana shiga mota, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne ga wani. Aiki a ƙasa ba tuwo ba ne a kwano da idan hannu ya ƙaru loma za ta ragu. Yawan mutane kan ƙara yawan aikin kansa. Bayan haka, wanda ba ya jin Turanci yakan tsaya a bayan gida wurin wanke-wanke, sai a tura ɗan ƙasa gaba wurin karɓar kuɗi da magana da masu ciniki, inda lada ya fi.

Babbar hujjarsu ta fito ne daga birnin Miyami. Tsakanin Afrilu da Oktoba na 1980, gwamnatin Fidel Castro ta buɗe tashar jiragen ruwa ta Mariel, mutanen Kyuba wajen 125,000 suka tsallaka zuwa Amurka. Waɗannan a fuskar doka ba baƙin haure ba ne, domin gwamnati ta karɓe su, amma yawancinsu marasa zurfin ilimi ne, kuma cikin 'yan watanni suka ƙara yawan masu neman aiki a Miyami da kusan 7 cikin 100. A 1990 David Card, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2021, ya gwada Miyami da wasu birane makamantanta, bai ga wata faɗuwar lada ko ƙaruwar rashin aiki ta a-zo-a-gani ba, har a tsakanin leburori.

Shekara 25 bayan haka sai George Borjas na jami'ar Harvard, wanda shi kansa haifaffen Kyuba ne, ya sake buɗe littafin. Ya ce an haɗa masu ciwo da masu lafiya ne shi ya sa ba a ga ciwon ba. Da ya ware maza waɗanda ba su gama sakandare ba, sai ya ce ladansu ya faɗi da 10 zuwa 30 cikin 100. Wasu masana, cikinsu har da Michael Clemens da Jennifer Hunt, suka mayar masa da martani cewa mutanen da ya dogara da su a ƙididdigar ba su wuce ashirin da 'yan kai ba a kowace shekara, kuma irin mutanen da ake tambaya ya sauya a daidai waɗancan shekaru. Ku duba, 'yan'uwa, birni ɗaya ne, shekara ɗaya ce, ƙididdiga ɗaya ce, amma manyan malaman fannin sun rabu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi hattara da duk ɗan siyasar da ya zo masa da amsa a dunƙule.

A 2016 majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta haɗa kwamiti ƙarƙashin Francine Blau, da Borjas a cikinsa, suka tace binciken da aka yi. Abin da suka tsaya a kai shi ne: idan aka duba tsawon shekara goma ko fiye, tasirin baƙi a kan ladan 'yan ƙasa gaba ɗaya kaɗan ne ƙwarai, inda aka ga illa, ta fi faɗa wa baƙin da suka riga zuwa, sa'an nan 'yan ƙasar da ba su gama sakandare ba, game da matasa kuwa, akwai alamar an rage musu awoyin aiki.

Sa'an nan mu koma ga lissafin da muka fara da shi, mu ƙarasa shi, domin rabin lissafi ƙarya ce. Bayan 2007 baƙin haure raguwa suka yi, har suka koma miliyan 10.5 a 2021, amma a cikin waɗannan shekaru ne aikin matasa ya gangara zuwa matakinsa mafi ƙasa, sakamakon karyewar tattalin arziki ta 2008. Daga 2021 zuwa 2023 baƙin haure suka yi tsalle zuwa miliyan 14, amma matasa masu aiki ko nemansa ba su ragu ba, sun ma ɗan ƙaru zuwa kusan 37 cikin 100, saboda a lokacin masu kantuna da gidajen abinci neman ma'aikata suke ido rufe. Da baƙo ne kaɗai sanadi, da ba haka lissafin zai tafi ba.

Akwai wasu dalilan da ba a cika faɗa a dandalin siyasa ba. Yara sun fi daɗewa a makaranta, hutun ma da yawa a aji suke yin sa saboda neman gurbin jami'a. Tsakanin 2000 da 2010 masana'antun Amurka sun zubar da ma'aikata kusan miliyan 6, kuma magidancin da aka rufe masana'antarsa ya dawo yana gogayya da ɗan maƙwabcinsa a kan aikin kanti. Tsofaffi da yawa ba su iya yin ritaya. Jaridar da yaro yake rarrabawa a keke ta koma intanet.

Ranar da aka gwada

Gani ya kori ji. Amurka ta taɓa gwada abin da masu ƙara suke nema, wato a kawar da baƙo a sa yaro a gurbinsa. Daga 1942 gwamnati tana shigo da leburorin gona daga Mekziko bisa yarjejeniya, ana kiransu Bracero, har a wasu shekaru sukan haura 400,000. Su da takarda suka zo, amma ƙarar da aka kai a kansu ita ce dai ta yau: sun karya lada, sun hana ɗan ƙasa aiki. A ƙarshen 1964 aka rufe shirin.

Da lokacin girbi na 1965 ya ƙarato, manoma suka yi kukan amfaninsu zai ruɓe a gona. Sai Sakataren Ƙwadago na lokacin, Willard Wirtz, ya fito da shirin ɗaukar yara 20,000 'yan sakandare, zaɓaɓɓu daga cikin masu wasannin motsa jiki, su yi aikin gona a lokacin hutu. Aka yi ta shela a rediyo da jaridu. Wajen 18,000 suka ba da suna, amma waɗanda suka taka gona ba su wuce 3,300 ba. Waɗannan ɗin ma da suka ɗanɗana zafin ranar Kaliforniya, suka kwana a barikokin da Bracero suka bari, suka ci irin abincin da ake ba su, da yawa ba su yi mako biyu ba suka tattara kayansu, wasu kuma suka yi yajin aiki. Ba a sake maimaita shirin ba.

Kada mu ce yaran ragwaye ne. Ƙarfafa ne, zaɓo su aka yi. Abin da suka ƙi shi ne abin da kowane mai 'yancin cewa a'a zai ƙi. Su suna da gidan komawa da iyayen da za su kai ƙara. Wanda suka gada ba shi da ko ɗaya.

To, ladan gona ya tashi bayan tafiyar Bracero? A 2018 Michael Clemens da Ethan Lewis da Hannah Postel suka bi tsofaffin takardun gwamnati, suka gwada jihohin da suka rasa leburori masu yawa da jihohin da dama ba su da su. Ba su ga bambanci a tashin lada ba. Abin da manoma suka yi shi ne, inda akwai inji suka sayi inji, har cikin 'yan shekaru kusan duk tumatirin gwangwani na Kaliforniya inji ke tsinke shi. Inda babu inji kuwa suka rage noman abin. Haka kamfanin kajin nan na Stillmore da muka ce mu riƙe: da yawa daga 'yan garin ba su daɗe ba, suna kukan wahalar aikin da yadda ake biya, sai kamfanin ya koma ɗauko 'yan gudun hijira daga jihohi masu nisa, da masu laifin da ke ƙarƙashin kulawar gidan yari. Da aka raba shi da marasa baki, wasu marasa bakin ya tafi nema.

Inda gizo ke saƙar

A nan ne, 'yan'uwa, muke ganin bakin zaren yake. Abin da ya sa baƙon haure ya fi ɗan ƙasa araha shi ne tsoro. Idan aka danne masa ladan awoyin da ya ƙara, ba zai je ofishin ƙwadago ba. Idan inji ya cinye masa yatsa, zai ɗaure da tsumma ya dawo gobe. Idan ya yi maganar ƙungiya, kiran waya ɗaya ya isa. Wannan tsoro shi ne hajar da mai kamfani yake saye, kuma doka ce take samar masa da ita kyauta.

Ga shaidu. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta halatta zaman baƙin haure wajen miliyan 2.7. Binciken da ya bi sawunsu ya nuna ladansu ya ƙaru da kimanin 6 cikin 100 bayan sun sami takarda. Mutanen su ne dai, hannuwan su ne dai. Tsoro ne ya ragu sai farashi ya tashi. Wannan doka kuma ita ce ta fara haramta wa mai kamfani ɗaukar wanda ya san ba shi da izini. Amma yaya aka zartar da ita? Wata cibiyar bin diddigin shari'o'i ta jami'ar Syracuse ta ƙidaya cewa daga Afrilun 2018 zuwa Maris na 2019, an gurfanar da mutum fiye da 85,000 bisa laifin shiga ƙasa ba da izini ba, waɗanda aka gurfanar bisa laifin ɗaukarsu aiki kuwa mutum 11 ne, babu kamfani ko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 2002 Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Hoffman Plastic cewa baƙon hauren da aka kora saboda ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago ba za a biya shi ladan da ya rasa ba, alhali kotun ba ta musa cewa korar ta saɓa wa doka ba. Mai kamfani ya fahimci darasin: akwai ma'aikacin da za ka zalunta da araha. Mafi ƙarancin lada na tarayya kuwa, dala 7.25 a awa, tun Yulin 2009 aka sa shi, har 2025 ta wuce ba a ƙara ko sisi ba, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu. Baƙon haure ba ya zaɓe, ba ya zama a majalisa. Ba shi ya daskarar da wannan lada ba.

Mafi ban takaici shi ne, ashe ma yara suna aiki, sai dai ba yaran da ake yi wa kuka ba. A Fabrairun 2023 Ma'aikatar Ƙwadago ta ci kamfanin Packers Sanitation tarar dala miliyan 1.5, bayan ta same shi da yara 102, masu shekara 13 zuwa 17, suna wanke zartuna da wuƙaƙen inji cikin dare a manyan mahautai 13 a jihohi 8, wasunsu magungunan wanki sun ƙona su. A wannan wata kuma jaridar New York Times ta buga binciken Hannah Dreier, wanda ya nuna yadda yaran da suka tsallako iyaka su kaɗai, galibi daga Amurka ta Tsakiya, suke aikin dare a masana'antu da mahautai, da safe su tafi aji suna gyangyaɗi. Ka raba tarar nan, kowane yaro bai wuce dala dubu 15 da 'yan kai ba. Ga babban kamfani, wannan kuɗin shayi ne.

Su kansu masu korar sun san wa ke cin moriyar. A Yunin 2025, ana tsakiyar samamen da gwamnatin Donald Trump ta tsananta, shugaban ya fito ya ce manoma da masu otal suna kukan rasa ma'aikatansu, aka ba da umarnin dakatar da samame a gonaki da otal-otal da gidajen abinci, sa'an nan cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin. Ƙididdigar gwamnati kuwa ta nuna wajen 4 cikin kowane 10 na leburorin gonakin amfani ba su da izinin aiki. Ana zaginsu da rana, ana cin abin da suka girbe da dare.

Mu ma an yi da mu

Mun yi alkawarin dawowa gida. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fita, bisa hujjar cewa baƙi sun mamaye ciniki da aiki. Mutum fiye da dubu ɗari suka fita, cikinsu har da Hausawan zango, wasu a can aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Gonakin koko suka rasa leburori, tattalin arzikin Gana bai miƙe ba, a Janairun 1972 soja suka kifar da gwamnatin.

A Janairun 1983 reshe ya juya da mujiya. Farashin man fetur ya faɗi, masana'antu suna sallamar ma'aikata, zaɓe yana tafe, sai gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin haure mako biyu. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Gana, saura daga Nijar da Chadi da Togo da Benin da sauransu. Jakar da suka zuba kayansu a ciki har yau da sunan wannan kora ake kiranta a kasuwanninmu. Masana'antun da suka rufe ba su buɗe ba don baƙo ya tafi, domin ba baƙo ya rufe su ba. An bar jaki an doki taiki.

Matsayarmu

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da muka fahimta, mu kuma riƙe shi duk inda wannan magana ta taso.

Na ɗaya, kada mu ƙaryata talakan ƙasa idan ya ce an matse shi. Hujja ta nuna illar tana nan, ko da ba ta kai yadda ake kururutawa ba, kuma a kan mafi rauni take sauka: wanda bai gama makaranta ba, da yaron da gidansu ke jiran ɗan abin da zai kawo, da baƙon da ya riga zuwa. Mai cin riba ya ce masa ƙasa gaba ɗaya ta ƙaru, alhali shi bai gani a tukunyarsa ba, wannan izgili ne.

Na biyu, kada mu yarda a ɗora wa baƙo laifin da ba nasa ba. Kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta, kuma ba mu kiran kowa ya shiga ƙasar mutane ta haure. Hasali ma muna yi wa samarinmu nasiha su dubi abin da muka zayyana da idon basira: wanda ya shiga babu takarda ya sayar da bakinsa tun kafin ya sayar da ƙarfinsa. Amma tsare iyaka daban, yi wa mutane alkawarin cewa korar baƙo za ta cika musu aljihu daban. An gwada a 1965, an gwada a 1969, an gwada a 1983.

Na uku, wanda yake son ɗan ƙasa da gaske, to ya nufi mai biyan lada. Ranar da aka tilasta wa mai kamfani ya biya kowane ma'aikaci cikakken ladansa, da takarda ko babu, aka kuma ba wanda aka zalunta damar kai ƙara ba tare da a kama shi a bakin kotu ba, ranar nan arahar baƙo ta ƙare, kuma yaron gari zai yi gogayya a fili mai daidai. Kare haƙƙin baƙo shi ne katangar ladan ɗan gida.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi kusa da mu, kowa ya koma ya duba gidansa da shagonsa da gonarsa. Mai gadin ƙofarka da ya zo daga ƙetaren iyaka, nawa kake ba shi, kuma yaushe? Leburan da ka rage wa jinga saboda ka san ba shi da kowa a garin nan, da yarinyar aikin da aka kawo maka daga ƙauye wadda ba ta taɓa riƙe ladanta a hannunta ba, me ya raba ka da mai mahautar can da muke zargi, in ban da girman jari? Addininmu bai rataya haƙƙin ma'aikaci a kan fasfo ba, kuma Wanda za a tsaya a gabanSa ba Ya bukatar mai ƙara ya iya yaren kotu. Duk wanda ya san akwai ladan wani a hannunsa, ya fitar da shi kafin mu sake haɗuwa a zama na gaba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare mu daga cin gumin raunana, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya da halaliyarsu. Abin da muka faɗa daidai daga gare Shi ne, kuskuren kuwa namu ne, muna neman gafararSa.